Me ke cikin ƙurar Sahara da iska ke kaiwa har Amurka ta Kudu?

Ɗan'uwa ka tambaya wai shin yashi ne zalla ko akwai wani abu a ciki. Gaskiya ba zalla ba ne, kuma abin da ya taso daban da abin da ke sauka a can nesa, domin manyan ƙwayoyin yashi masu nauyi tun a hanya suke zubewa, abin da ke tsallake tekun Atlantika shi ne lallausan yumɓu mai ɗauke da silika da aluminiyam, sai kalsiyam da magniziyam da potasiyam kaɗan-kaɗan. Jan launin nan kuwa tsatsar ƙarfe ce ke kawo shi.

Inda abin yake da daɗi shi ne kwarin Bodele a ƙasar Cadi, da can ƙasan wani babban tafki ne da ya ƙafe ya bar gawarwakin ƙananan halittun ruwa masu ɓawon silika, kuma ƙurar wurin tana da fosfaras, sinadarin da tsirrai ke buƙata don girma. Binciken da hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi a 2015 da tauraron ɗan'adam mai suna CALIPSO ya ƙiyasta ƙura tan miliyan 182 na tashi daga Sahara zuwa kan tekun Atlantika duk shekara, wajen tan miliyan 27.7 na sauka a yankin dajin Amazon da ke Amurka ta Kudu, ciki har da fosfaras kusan tan 22,000, wanda ya kusa maye gurbin abin da ruwan sama ke wankewa daga ƙasar dajin.

A hanya ma ƙurar tana haɗuwa da gishirin teku da hayaƙin masana'antu mai asid, asid ɗin ke sa ƙarfen da ke cikin ƙurar ya fi narkewa a ruwa, shi ya sa ƙananan tsiran teku ke samun abinci daga gare ta.