Manhaja za ta iya sa intanet ɗin ofis ya yi nauyi?

Ka tambaye ni ko manhajar da aka saka a kwamfuta ɗaya tak za ta iya sa sadarwar ofis gaba ɗaya ta yi nauyi. Ƙwarai kuwa, ɗana, na sha gani da idona.

Layin intanet bututu ɗaya ne, kowa daga nan yake ɗiba. Manhajojin adana fayil a intanet irin su OneDrive, Google Drive da Dropbox da zarar an ajiye musu fayil sai su hau turawa, ba ruwansu da kowa. Ma'aikaci ya zuba bidiyon gigabait 20 ya tafi abinsa. In ƙarfin ɗorawar layin, wato tura abu zuwa intanet, megabit 10 ne a sakan, an yi awa 4 da ɗoriya ana abu ɗaya.

Nan ne masu koyo ke tuntuɓe, shi ya sa nake so ka riƙe shi da kyau. Saukewa kawai suke dubawa. Alhali a layuka da yawa ƙofar ɗorawa ta fi ƙunci, kuma duk abin da kwamfuta ta sauke sai ta mayar da ɗan saƙon "na karɓa". In ƙofar ta cushe, saƙon nan ya maƙale, saukewar kowa ta koma tafiyar hawainiya, murya ta riƙa yankewa a Zoom.

Akwai kuma Windows. Microsoft na sakin gyare-gyarensa Talata ta biyu a kowane wata, kwamfuta 30 su far wa layin lokaci guda. Mugunyar manhaja ta fi muni: WannaCry a 2017 da kanta take laluben wasu kwamfutoci ta ƙofa mai lamba 445.

Amma kada ka ɗora wa manhaja laifi ba ka auna ba. Fara da yi wa rauta, wato na'urar da ke raba intanet a ofis, ping daga kwamfutar da aka haɗa da kebul. Ping ɗan saƙon gwaji ne da ke auna saurin amsa. In ta amsa cikin milisakan 1 ko 2 amma waje na jan ƙafa, cunkoson a bakin fita yake. Sai ka bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya, ka danna Ctrl, Shift da Esc, ka duba manhajar da ke cin layi a Task Manager, tagar da za ta buɗe. Resource Monitor, wani kayan aikin Windows, ma har adireshin da take turawa zai nuna maka.

In ka kama ta, kada ka yi saurin gogewa, wataƙila aikin mutane ne take adanawa. Shiga saitinta ka rage mata gudun ɗorawa, ko ka mayar da aikin zuwa dare. Wadda ba a san wanda ya saka ta ba kuwa, zare kebul ɗin intanet na kwamfutar tukuna, sannan ka kira ni.