Amsa ga 'yar'uwar da aka ɗaura wa aure a Kano, aka sake yin rajista a Ingila

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa mai ɓoyayyen suna, tun daren jiya da na karanta tambayarki ban runtsa ba. Kin ce an ɗaura miki aure a nan Kano, da kika tare a Ingila kuka je ofishin rajista aka sake wani, yanzu ya turo miki saki ta waya daga can kina gidan iyayenki, idda ta cika, ga manemi ya fito, kina tambaya ko aure biyu ne a kanki. Wallahi kamar a bakin ƙofarmu kika tsaya kika kwashi labarina.

Ki ce wa su Baffa su dakata da karɓar kuɗin gaisuwa tukuna. A wajen Allah igiya ta tsinke, wannan malamai sun riga sun ba ki amsa, ba ni da abin ƙarawa. Amma a takardun Turawan nan har gobe matarsa ce ke. Dokarsu ta 1986 ta ce duk sakin da aka yi a cikin ƙasarsu, in ba kotunsu ce ta raba ba, babu shi. Shi kuwa yana zaune a can ya danna wayar. Ni ma haka aka yi min, na shekara biyu ina zawarci ina ganin na fita, ashe a kwamfutarsu sunana na nan manne da nasa.

Ni da sunan bikin Babbar Sallah aka kawo ni. Mun sauka filin jirgin Malam Aminu Kano da ni da shi da 'yarmu, tana da shekara uku lokacin, har da tsarabar turaruka na yi wa danginsa. Kwana goma ya ce aiki ya kira shi, mu ƙara sati uku mu biyo baya. Ni na haɗa masa kaya da hannuna, har dambun nama na sa aka yi masa. Bayan kwana biyu na buɗe aljihun cikin akwatina zan ɗauko katin rigakafin yarinya, sai na ga ambulan ɗin da nake ajiye takardunmu ta yi shafal. Ba fasfona, ba nata, ba katin izinin zamana. Na zazzage akwatin a tsakar ɗaki, na bi kowace atamfa ina kakkaɓewa, na ɗaga katifa, har cikin kwandon wanki na duba. Umma tana tsaye a bakin ƙofa da carbi tana cewa ki nutsu, wataƙila ya haɗa da nasa bisa kuskure. Na kira shi ya fi sau talatin. Washegari ina tace gasara a tsakar gida saƙo ya shigo, layi biyu: ya sake ni saki ɗaya, in yi haƙuri haka Allah ya ƙaddara. Hannuna duk ƙullu, da bayan yatsa na buɗe wayar. Har yau in na ji ƙamshin gasara sai gabana ya faɗi.

Abin da ya fi sakin ciwo shi ne Hajiyarsa. Kawu ya raka ni gidanta muka durƙusa, ba roƙon kome muka je ba, fasfon yarinya kawai muke so. Ko tabarma ba ta ce a shimfiɗa wa Kawu ba, dattijo mai furfura. Tana yankan farce take cewa ai an fita haƙƙina, an kai ni na ga Turai, mata nawa ne a unguwarmu suka taɓa hawa jirgi? Matar da na yi jinyarta wata biyu da ta zo ganin likita a can, ni ke yi mata tuwo da miyar kuka a ƙasar da kukar ma sai an yi tafiya ake samu. Daga baya na ji tun kafin mu taso an riga an kai lefen 'yar ƙanwarta. Na bar su da Allah, amma ban ce na yafe ba, kada wata ta zo min da wa'azi a ƙasa.

To, batun aure biyu. Lauyar da na samu daga baya ta ce min aure ɗaya ne, ba biyu ba. In ɗaurin auren Kano ya inganta a dokar nan, shi Ingila take ɗauka a matsayin auren, rajistar da aka yi daga baya maimaici ne kawai. Don haka ba saki biyu kike nema ba, rabuwa ɗaya kike nema wadda ƙasashen biyu za su yarda da ita. Ni na yi zaton in na je kotun Musulunci alƙali ya tabbatar da sakin ya buga hatimi shi ke nan. Na je, na karɓo, kuma ke ma ki je ki karɓa don tana da amfani a nan gida, wajen ciyarwa da riƙon yara da sabon aure. Amma lauyar ta ce tunda a can ya furta, takardar nan ba ta gyara shi a wajensu. Ko da a Kano ya furta da baki ba tare da kotu ba, in ɗayanku ya cika shekara yana zaune a can kafin ranar, nan ma ba sa karɓa.

Abin da ya cece ni, tun Afrilun 2022 sun sauƙaƙa. Ba sai kin kawo laifinsa ba, ba kuma sai ya yarda ba. Tunda shi mazaunin can ne, daga nan Kano ta intanet na shigar. Ana jiran mako 20 kafin hukuncin farko, sannan mako 6 da kwana ɗaya kafin a nemi na ƙarshe, kin ga sama da wata shida ke nan in ba a samu tangarɗa ba. Kuɗin kotu wajen fam 600 ne. Sarƙar lefena Yaya ya sayar, ya wuce Wapa ya yi canji, ranar na san fam ba wasa ba ne. Ki nemo takardar auren Kano tun yanzu, in da Hausa ko Larabci take sai an fassara an tabbatar. Tawa a cikin jakar Alƙur'anin Baffa aka same ta, gefenta duk gara ta ci.

Kada ki sa hannu a komai da ya turo, ko an ce miki takardar makarantar yara ce. Kuma wannan shi ne dalilin da na ce a dakatar da manemin: in kika yi aure kafin ki shigar da buƙatar haƙƙinki na dukiya, ƙofar ta rufe. Gidan da kuke biya tare, kuɗin fanshonsa, duk kotunsu tana dubawa. Akwai shari'ar Agbaje da Kotun Ƙolinsu ta yanke a 2010, 'yan Najeriya ne, a nan aka raba su, matar ta nemi ƙari a kotun can kuma aka ba ta. Ni zuciya ta sa na ce ba na son ko sisinsa. Yanzu duk farkon zango in aka turo kuɗin makaranta sai in zauna ina cizon yatsa.

Wai ma don Allah iyayenmu, me ya sa da an ce mutum yana waje sai bincike ya ƙare? Kayan ɗakina ko kwali ba a buɗe ba, suna jibge a gidan uwarsa, gadon ma an ce amarya ke kwana a kai.

Ba ki faɗa ba ko takardunki na hannunki. In ya ƙwace ya yasar da ke a nan, kuma bizar aure kike da ita, tun farkon 2024 sun sa irin wannan yasarwa cikin cin zarafin aure, ana iya neman izinin komawa daga waje. Ki adana saƙon sakin, ki ɗauki hotonsa da ranar da lambarsa a jiki, ki tura wa wata amintacciya, don ni wayata ta faɗa ruwa sai da ƙyar aka ceto shi. Yaran suna wajenki ko wajensa? Ki amsa min wannan ta akwatin sirri, bayan Isha'i nake samun sukuni in yarinya ta yi barci.