Ƙari a Hanta da Ƙwayoyin Tazarar Haihuwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Shekarata 34, 'ya'yana huɗu, kuma shekara shida ke nan ina shan ƙwayoyin tazarar haihuwa. An yi mini hoton ciki saboda wani ciwo, sai aka ga ƙari mai faɗin santimita 3 a hantata, aka ce ba daji ba ne. Shin ƙwayoyin ne suka jawo shi, kuma zan iya sake ɗaukar ciki? Daga wata mai karatu, Gwammaja, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ƙara afuwa. Ki koma ki tambayi sunan ƙarin, domin iri uku aka fi samu, kuma ba dukansu sinadarin mata na istirojin, wanda ke cikin irin waɗannan ƙwayoyi da yawa, yake rurawa ba. Hemanjiyoma, wanda dunƙulen jijiyoyin jini ne, da wanda ake kira FNH, wato wani kumburin naman hanta da ba daji ba, ba kasafai ƙwaya ko juna biyu suke tayar da su ba.

Na ukun, wato adinoma, ƙarin da ke tsirowa daga naman hantar kanta, shi ne abin lura. Tun 1973 aka danganta shi da waɗannan ƙwayoyi, kuma haɗarin yana ƙaruwa gwargwadon daɗewar mace tana sha. Ƙiba ma tana ba da gudummawa, saboda kitsen jiki da kansa yana samar da istirojin, abin da mata da yawa ba su sani ba. Idan shi ne, za a dakatar da ƙwayar, a rage ƙiba, a sake hoton MRI bayan wata shida, kuma sau da yawa akan tarar ya motse. Wanda ya kai santimita 5 ko yake ta girma shi ake cirewa, don gudun fashewa da zubar jini, ko rikiɗewa daji, ko da yake wannan ba ya da yawa a mata.

Naki bai kai nan ba, don haka ciki ba a rufe miki ƙofarsa ba, sai dai istirojin yana hauhawa a lokacin goyon ciki, don haka idan adinoma ne dole a riƙa duba hantar duk bayan mako 6 zuwa 12. Ki nemi a tura ki wurin likitan hanta a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a haɗa da gwajin ciwon hanta nau'in B, kuma a zaɓa miki hanyar tazara marar sinadari irin na ƙwayoyin, kamar ta jan ƙarfe da ake sakawa a mahaifa. Don Allah kada ki sake sayen ƙwaya a kemis kafin nan. Idan kika ji ciwo mai tsanani farat ɗaya a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, tare da jiri, a garzaya da ke asibiti ko da tsakar dare ne.