Ƴan kasuwa sun ƙi faɗa mini ribarsu, ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina shekarar ƙarshe ta masta a fannin tafiyar da kasuwanci a nan Damagaram. Memuwar ɗina, wato kundin binciken kammala karatu, a kan bashi ne da ribar ƙananan ƴan kasuwa a kasuwar Dole. An ce sai na tambayi mutum 384, ga shi duk wanda na tambaya ribarsa sai ya ce "Alhamdu lillahi" ya ja bakinsa. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Wannan 384 ɗin ba daga sama ya sauko ba. Lissafi ne da ake yi idan jama'ar da ake bincike a kansu suna da yawan gaske, ana son tabbaci na kashi 95 cikin 100, da kuskuren da bai wuce kashi 5 ba. Idan ba su da yawa, adadin sauka yake: a ce masu hatsi da kayan masarufi 600 ne, mutum 234 sun ishe ki. Amma lissafin yana da sharaɗi, kuma shi ɗalibai suke tsallakewa: sai an zaɓi mutanen ta hanyar da kowa zai iya faɗowa a ciki. Mutum 400 da kika tsinta saboda sun yi miki fara'a ba su kai 150 da aka zaɓa bisa ƙa'ida ba.

To, babu wanda zai miƙa miki cikakken jerin sunayen ƴan kasuwa, ke za ki haɗa abinki. Ki fara da gaida shugabannin kasuwa, ki nuna musu takardar jami'a, su san ba daga ofishin haraji kike ba. Sannan ki bi layi-layi ki ƙirga rumfuna da tebura, ki ba kowane lamba a littafinki, ki riƙa ɗaukar na uku-uku ko na huɗu-huɗu, gwargwadon yawansu da adadin da kike buƙata. Ki yanke tun yanzu ko masu zuwa ran Alhamis kawai daga Mirya ko Matamaye suna cikin bincikenki. In ba sa ciki, ki rubuta haka.

Sai maganar riba. Bahaushe ba ya son a ƙirga masa dukiya a gaban mutane, balle maƙwabcin rumfa na kasa kunne. Saboda haka tambayar riba ba ta zuwa a farko, kuma ba a yin ta lokacin da ciniki ya kankama. Ki fara da kaya. Buhun gero nawa kika saro shi, Hajiya? Tiya nawa ke fitowa a ciki? Nawa ake sayar da tiya yau? Buhu nawa suka ƙare daga Alhamis ɗin da ta wuce? Waɗannan kowa na amsa su, don ba sirri ba ne. Ki yi haka a kan kaya ukun da suka fi tafiya. Daga ƙarshe ki yi tambayar kai tsaye: bayan an fitar da kuɗin sari, dako, haya da na yaron shago, me ya saura a watan jiya? Kada ki raina wannan tambaya guda. Binciken De Mel, McKenzie da Woodruff a Sri Lanka, wanda ya fito a 2009, ya nuna cewa tambayar riba kai tsaye ta fi kusa da gaskiya a kan dogon lissafin shiga da fita. Ki riƙe duka biyun ki gwada su. Inda suka yi hannun riga, ki koma wurin mutumin. Ki kuma tambayi abin da aka ɗiba aka kai gida, don tiyar da aka yi tuwo da ita riba ce, ko da mai ita bai ƙirga ta ba.

Akwai ramin da ya sha cinye ɗalibai. Takardar tambayoyinku da Faransanci take, hira kuwa da Hausa. Mai kaya ya ce "ɗari biyu", yana nufin dala 200, wato jika guda (sefa 1,000), mai taya ki aiki ya rubuta sefa 200. Wani kuma da naira yake sari daga Kano ko Maigatari. Ki fassara tambayoyin a rubuce tun kafin fita, kowa ya karanta abu ɗaya, ki gwada su a kan mutum 10 zuwa 15. In da KoboCollect, manhajar tattara amsoshi a waya, kike aiki, ki sa gurbin da za a zaɓi dala, sefa ko naira, da canjin ranar.

Abu ɗaya da masu jarraba ki za su kama ranar sutnans, wato ranar kare bincikenki: in kika ga masu cin bashi sun fi riba, kada ki rubuta cewa bashi ne ya kawo ribar. Mai yiwuwa masu ribar ne dama ake yarda a ba bashi. Hira sau ɗaya alaƙa take nunawa, ba sanadi ba. A babin hanyoyin bincike ki faɗi watan da kika fita, don cinikin kaka daban yake da na bazara ko na azumi, ki kuma rubuta adadin waɗanda suka ƙi amsawa da irin kayan da suke sayarwa.