Tambaya da Amsa: Shin Ruwan Darbejiya Zai Maye Gurbin Maganin Feshi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomin wake ne a yankin Gaya ta jihar Kano. Kuɗin maganin feshi ya fi ƙarfina bana, kuma duk ranar da na yi feshi da ciwon kai nake kwana. Wani maƙwabcina ya ce in jiƙa ganyen darbejiya in fesa. Na yi hakan da hantsi, amma washegari na tarar da tsutsa tana nan da ranta a cikin furen. Maganar darbejiyar nan gaskiya ce, ko kuwa ɓata lokaci?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Maƙwabcinka bai ruɗe ka ba, sai dai ya ba ka rabin bayani. Darbejiya, wadda wasu ke kira dogonyaro ko maina, tana ɗauke da wani sinadari mai suna azadiraktin, wanda masana a Ingila suka fara tacewa a 1968. Kafin nan, a 1959, wani masanin ƙwari Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya lura a Sudan cewa fara ta cinye ganyen itatuwa ta bar darbejiya.

Wannan sinadari ba ya kashe ƙwaro nan take kamar maganin kanti. Yana hana shi cin abinci, ya hana tsutsa yin saɓa, ya kuma rage ƙwan da uwar za ta saka, don haka sai bayan kwana biyu zuwa huɗu ake ganin aikinsa. Wanda ya saba ganin ƙwari suna zubowa ƙasa tun bai sauke famfo daga bayansa ba, dole ya zaci an yaudare shi.

Kurakuranka biyu ne. Na farko, ganye ka jiƙa, alhali ƙarfin maganin yana cikin ƙwallon 'ya'yan. Ka tsinci nunannun 'ya'ya, ka wanke ɓargon, ka shanya su a inuwa, sannan ka fasa ka fitar da ƙwayar ciki, kana zubar da duk wadda ta yi fumfuna. Ka daka rabin kilo a turmin da ba na abinci ba, domin ɗacinta ba ya fita da sauƙi, kuma uwargida ba za ta yafe maka ba. Ka jiƙa garin a lita 10 ta ruwa ya kwana, ka tace da ƙyalle mai laushi don kada ya toshe bakin famfo, sannan ka narka ɗan sabulu a ciki domin ruwan ya kama ganye. Na biyu, da hantsi ka fesa, kuma hasken rana yana karya wannan sinadari. Bayan la'asar ake fesawa, a ranar da aka tace, a maimaita duk mako, ko kuma bayan ruwan sama mai ƙarfi.

Akwai kuma batun lokaci. Tsutsar da ka gani tana shigewa cikin fure da kwanso ta yi saƙa, inda feshi ba ya isa sosai, saboda haka tun wake yana shirin fure ake farawa. A ganina, idan ƙwari sun riga sun mamaye gona, darbejiya kaɗai ba za ta ceto ta ba. Gara a nemi shawarar malamin gona a yi feshi ɗaya da maganin da ke da rajistar NAFDAC, da takunkumi da safar hannu, sannan a ci gaba da darbejiya. Akwai ma irin wake mai suna SAMPEA 20-T da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar a 2019, wanda aka sauya wa ƙwayoyin halitta don ya jure wa wannan tsutsa.

Man darbejiya yana amfani wajen ajiya ma: ana cuɗa mililita 2 zuwa 3 a kowane kilo na wake don hana gunda. Wannan ya fi zuba maganin feshi a buhu nesa ba kusa ba, ɗabi'ar da ta sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Idan ɗacin ya dame ka, buhun PICS mai leda biyu a ciki yana kashe ƙwaro ta hanyar toshe masa iska.

Wasu suna haɗa barkono da tafarnuwa, kuma suna korar darɓa gwargwado. Amma ka yi hattara da ruwan taba, domin gubarsa tana shiga jikin mutum ta fata, haka kuma majimfa, wani tsiro da ake jiƙawa a fesa, tana kashe kifi idan ta gangara rafi. Game da ciwon kan da kake yi bayan feshi kuwa, ka je asibiti da kwalbar maganin a hannunka, likita ya karanta abin da ke jikinta.