Sana'ar baka daga itacen lokas: kada ka ajiye aikinka tukuna

Wani kafinta ɗan'uwanmu da ke zaune a jihar Ohayo ta Amurka ya aiko da wannan tambaya: "Ina aiki a kamfanin kujeru. Wani manomi ya ba ni izinin in sare itatuwan bilak lokas da suka cinye masa gefen gona, kyauta. Na ga ana sayar da bakan katako na hannu da tsada a nan. Ina da dala 3,000 a ajiye. In bar aiki in sayi injina in shiga sana'ar gadan-gadan?"

Malam, Allah ya sa albarka a nema. Amsata a taƙaice: sare itacen, amma ka riƙe aikinka, kuma a yanzu kada ka taɓa dubu ukun nan sai abin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Dalilin yana cikin halin itacen kansa, don haka daga nan za mu fara.

Lokas ɗin nan, wanda masana ke kira Robinia pseudoacacia, ba ɗorawar da muka sani a gida ba ce, sunan Turanci ne kawai ya haɗa su. Ɗan asalin tsaunukan Afalashiya ne da ke gabashin Amurka, kuma ƙabilar Ceroki, ta 'yan asalin Amurka, ta daɗe tana yin baka da shi. Manoma na son sa don dirkar shinge saboda yana shekaru a ƙasa bai ruɓe ba. A wajen baka kuwa hali biyu gare shi. Bayan baka, wato ɓangaren da ke kallon abin harbi, miƙewa yake yi idan an ja, kuma a nan lokas jarumi ne. Cikin baka, ɓangaren da ke kallon maharbi, matsewa yake yi, a nan ne rauninsa yake. Duk inda lanƙwasa ta taru wuri guda, sai ka ga wasu siraran layuka sun gitta cikin, kamar an ja reza. Naman itacen ne ya murƙushe, kuma ba ya warkewa. Bakan da ya yi haka bai halatta ka sayar wa kowa ba. Shi ya sa masu wannan sana'a ke cewa lokas malami ne: duk kuskuren hannunka sai ya rubuta maka shi a jikinsa.

Ribarka da asararka duk suna wurin nan. Itace kyauta ne, amma awoyin da za ka zuba a sandar da za ta lalace a ƙarshe ba kyauta ba ne.

Ka sare lokacin hunturu. Nemi miƙaƙƙen gindi mai kaurin inci 8 zuwa 12, tsawon inci 72, wanda zanen ɓawonsa ya tafi sama sak. Idan zanen ya murɗe kamar igiya, haka naman ciki yake, bar wa manomi ya yi shinge. Duba ƙananan ramuka, domin akwai ƙwaron da tsutsarsa ke huda lokas har cikin tsakiya, rami ɗaya a bayan baka ya isa ya karya shi. Ka tsaga gungumen da ƙarfen tsaga da guduma a ranar ko washegari, kada ka yanka da zarto, domin tsaga tana bin jijiyar itace, zarto kuwa yanke ta yake yi. Kowace sanda ta sami faɗin inci 3 ta wajen ɓawo. Gungume mai inci 10 zai ba ka masu kyau huɗu zuwa shida. Nan take ka shafe bakin kowace sanda, sama da ƙasa, da gam ɗin katako. Idan ka ɓare ɓawon, kuma gara ka ɓare saboda ƙwari, to ka shafe bayan ma, in ba haka ba cikin kwana biyu zai tsattsage. Ka sa takunkumi lokacin aiki, ƙurarsa na damun ƙirji, kuma kada dabba ta ci ɓawon, guba ne, musamman ga doki.

Sandar da aka bari da kaurinta tana son shekara guda zuwa biyu kafin ta bushe. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa wanda ya bar aiki yau, ba shi da abin sayarwa sai baɗi. Akwai hanyar ragewa: ka sassaƙe ta kusa da siffar baka tun tana ɗanya, ka shafe bayan, ka ɗaure ta a jikin miƙaƙƙen katako don kada ta karkace, ka ajiye a cikin ɗaki. Wata biyu zuwa uku sun isa. Ka riƙa auna ta a sikelin kicin. Idan nauyin ya tsaya cik na mako biyu, ta bushe. Abin da ake nema danshi kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari. Idan ya fi haka, baka zai lanƙwashe ya ƙi komawa. Idan ya gaza sosai, sai ya yi gautsi.

Yanzu aikin da injin ba ya yi maka. Ƙarƙashin ɓawo akwai farin nama siriri, bayansa kuma tsakiyar itacen mai ruwan ɗorawa. Ka cire farin duka da wuƙa mai ƙota biyu, sannan ka zaɓi zoben shekara (shimfiɗar naman da itace ke ƙarawa kowace shekara) guda ɗaya mai kauri a cikin tsakiyar, ka bi shi daga wannan kai zuwa wancan ba tare da ka huda shi ba. Tsakanin zobe da zobe akwai wani ɓargo mai garas-garas. Idan wuƙa ta shige shi za ka ji ƙarar ta canja, kamar ana murza busasshen biskit. Shi ne iyakarka. Daga nan ka ajiye wuƙa ka ɗauki ƙarfen kankara. Inda ka ci karo da ido, wato gurbin reshe, ka bar masa tudunsa, kada ka baje shi. Zoben nan guda shi ne bayan bakanka, kuma yanka ɗaya da ya ratsa shi shi ne inda zai fashe a hannun mai saye.

Ga awo ga mai jan tsirkiya zuwa inci 28, nauyin ja laba 45 zuwa 50, wato kilo 20 da 'yan kai. Tsawo inci 66 zuwa 68. Sabon hannu ya ɗauki 68. Mariƙi inci 4, da inci 2 kowane gefe inda kaurin mariƙin ke sauka a hankali. Faɗin kowane fiffike, wato ɓangaren baka daga mariƙi zuwa kai, inci 1¾ zuwa 2 har tsakiyarsa, daga nan ya tsuke zuwa rabin inci a kai. Kauri ka fara da ⅝ na inci kusa da mariƙi, rabin inci wajen kai. Layin tsakiya ya bi jijiyar itace ko da ta yi 'yar kwana. Cikin ya zama shimfiɗaɗɗe. Idan ka yi masa ƙumbo irin na dogon bakan Ingila, duk matsin zai taru a siririn layi ɗaya, kuma lokas ba ya yafe wannan. Ka riƙe wannan lissafi: ninka faɗi, ƙarfi ya ninka biyu, ninka kauri, ƙarfi ya ninka takwas. Saboda haka abin da ƙarfen kankara ke ɗebewa a shafa goma yana canja baka fiye da yadda ido ke zato.

Daidaita lanƙwasa shi ne zuciyar sana'ar. Ka kafa katako a bango mai wurin ɗora mariƙi, da igiya da kura (ƙaramin wili da igiya ke bi ta kansa) da sikeli, yadda za ka ja kana tsaye nesa kana kallo. Fara da doguwar tsirkiya sako-sako. Inda ya sandare ka kankare, inda ya fi lanƙwasa ka yi masa alama da fensir, kada ka taɓa. Bayan kowace shafa goma zuwa ashirin, ka ja shi sau ashirin ko talatin kafin ka sake dubawa, domin itace ba ya nuna abin da aka cire masa nan take. Kada ka taɓa jan sa fiye da nauyin da kake nufi, ko sau ɗaya, kuma idan ka hangi wuri mai rauni, kada ka ƙara ko inci guda sai ka gyara. Idan fikafikan biyu sun daidaita, ka ɗaura tsirkiya ta gaskiya, tazararta da mariƙi kamar inci 6, ka ci gaba inci-inci har 28. Mutane da yawa kan gasa cikin da bindigar zafi kafin a kai ƙarshe, har ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, don ya ƙara jure matsi. Yana taimakawa, amma kada zafi ya taɓa baya, kuma ka bar shi kwana uku ko fiye ya sha iska kafin ka sake lanƙwasa shi. Tsirkiya a yi ta da zaren Dacron B-50, sili 12 zuwa 14. Zaren zamani da ba ya miƙewa yana iya cin kan baka idan ba a ƙarfafa shi ba. Sai samfefa, da mai ko banish shafi biyar zuwa shida. Kafin ka ce ya gamu, ka harba kibiya ɗari biyu da shi, sannan ka duba cikin a hasken rana a karkace.

Ka lura, duk kayan da na ambata, wuƙa mai ƙota biyu, magagari, ƙarfen kankara, sikeli, bindigar zafi, zare, dala ɗari uku zuwa biyar sun ɗauke su, kuma rabinsu kana da su a matsayinka na kafinta. Injin ba ya rage awoyin bin zobe da daidaitawa, kuma su ne mafi yawan aikin.

To, mu zo ga lissafi. Alƙaluman nan misali ne, ka sa naka a gurbinsu. A ce baka ɗaya na cin awa 30. A ce cikin kowane huɗu ɗaya na lalacewa bayan ka zuba masa awa 20, kuma a shekarar farko zai fi haka. Ke nan uku da suka tsira sun ɗauki awa 110, kusan 37 kowanne. A ce ka sayar dala 400. Gwamnatin tarayyar Amurka na karɓar harajin kashi 11 cikin ɗari daga mai ƙera duk bakan da nauyin jansa ya kai laba 30 ko fiye, ana biya duk wata uku da fom 720 na hukumar haraji ta IRS, kuma kuɗin na tafiya ne kula da namun daji a ƙarƙashin dokar Pittman-Robertson. Dala 44 ke nan. Cire 30 na zare da mai da fatar mariƙi. Saura 326, ko da mai saye ne ya biya kuɗin aikawa. Raba da 37: awarka ba ta kai dala 9 ba, kuma ba mu sa inshora ba. Kwatanta da abin da kamfani ke biyan ka a awa, tare da inshorar lafiyar iyali in suna ba ka. Ina ganin amsar ta fito.

Wannan ba ya nufin babu kasuwa. Akwai, sai dai suna ake saye a cikinta, kuma sabon suna ba ya tsada. Haka kuma masu saye da yawa sun fi ɗaukaka itacen osej, wani itacen baka na Amurka, a kan lokas, don haka dole aikinka ya yi magana. Abin da nake ba ka shawara shi ne ka fara da sayar da sanduna busassu ga masu koyon yin baka. Awa ɗaya ko biyu ke shiga kowace sanda, babu fargabar karyewa a fuskar wani, kuma itacen ka samu kyauta. Ka rubuta ranar sara a jikin kowacce, ka ɗauki hoton zobunanta ta kai, ka faɗi aibinta da bakinka. Wannan cinikin zai ciyar da sana'ar yayin da hannunka ke nuna. Baka goma na farko kuwa na koyo ne: ka harba su da kanka har sai ka ga yadda suke tsufa.

Idan ka fara sayarwa, ka san wa kake yi wa. Mai farautar barewa a Ohayo doka ta ce bakansa ya kai laba 40, a maƙwabciyarku Fensilbeniya 35, shi ya sa 45 zuwa 50 ya fi tafiya. Na yara da bai kai laba 30 ba harajin nan bai hau kansa ba, kuma ya fi saurin kammaluwa. Ka je taron maharban gargajiya na ETAR da ake yi a Fensilbeniya a watan Yuli, ka miƙa wa tsofaffin hannu bakanka su ja, ka saurari abin da za su faɗa ko da ba daɗi. Kada ka tallata shi da cewa aikin Ceroki ne. Wata dokar Amurka ta 1990 ta hana sayar da kaya da sunan aikin 'yan asalin ƙasar alhali ba su suka yi ba.

Kafin baka na farko ya bar hannunka, ka yi rajistar ƙaramin kamfani, ka sami inshorar da ke ɗaukar rauni daga kayan da ka ƙera, domin baka idan ya fashe a cikakken ja, kai da ido yake nema. A nan ne wani ɓangare na dubu ukun zai yi amfani. Idan an ba ka oda, karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami, amma kada ka yanka rana sai sandar ta bushe tana hannunka, kuma ka fara biyu don oda ɗaya. Rubuta nauyi da tsawon ja a jikin baka, misali laba 45 a inci 28. Ka haɗa da takarda mai sharuɗɗa: a kwance tsirkiya bayan harbi, kada a saki tsirkiya babu kibiya, kada a bar shi a mota cikin zafi, kada a ba dogon mutum ya ja shi ya wuce awonsa. Garantin wata shida ya wadatar, bisa waɗannan sharuɗɗa. Wajen aikawa, saka shi a bututun roba mai kauri irin na famfo, ka toshe kai biyu, kuma ka tambayi kuɗin dogon kaya kafin ka faɗi farashi, don ana ƙara caji a kan tsawo.

Ka buɗe littafi tun daga sandar farko: awa nawa ta ci, ta tsira ko ta lalace, a wane inci, kuma me ya jawo. Ranar da littafin ya nuna tara cikin goma suna tsira, awoyinka sun sauko kusa da ashirin, kuma odar da ke jira ta kai ta wata shida, sai ka sake rubuto mini mu duba maganar rage kwanakin aiki a kamfani.