Ka kai masa kulawar har zaurensa

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na ga tambayarka: mahaifinka tsohon soja ne, ya haura tamanin, ɓarin jikinsa ya fara shanyewa, ba ya barcin dare, kana shawarar ko ka ɗauko shi daga ƙauye zuwa birni, ko ka nema masa gidan kula da tsofaffi. Allah Ya ba shi lafiya, kai kuma Ya ba ka ladan jinya.

Shekara shida na yi ina jinyar Baba, Allah Ya jiƙansa. Ya shiga soja a 1967 da aka fara yaƙin basasa, da shi aka je Anacha, bayan an gama yaƙin a Janairun 1970 ya ci gaba da aiki har ya sauka da igiya uku. Ya dawo ƙauyenmu a ƙasar Ringim ya kama noma, kowa Saje yake ce masa.

Da hawan jini ya kayar da shi, abin da kake shirin yi shi na yi. Na kawo shi gidana a Kano, ɗaki mai fanka, katifa sabuwa, ga asibiti kusa. Wata biyu kacal mutumin nan ya zube. Ya rage cin abinci, ya daina hira, sai ya zuba wa ƙofa ido tun safe. Ranar da na matsa masa da tambaya, cewa ya yi: "Wane laifi na yi kuka sa ni a gadurum?" Wallahi sai da na yi hawaye. A satin na mayar da shi gida.

Batun gidan tsofaffi kuwa, a Ingila akwai na tsofaffin sojoji a Chelsea, wanda aka kafa tun 1682, inda suke zaune da 'yan'uwansu sojoji cikin jajayen kaya. Mu nan irin gidan gajiyayyu na Shahuci da ke Kano domin waɗanda ba su da kowa aka yi shi. Mahaifinka yana da kai.

Rashin barcin nan shi nake so ka kula da shi sosai. Baba yakan farka tsakar dare jiƙe da gumi, yana kiran sunayen mutanen da ba mu taɓa ji ba, yana cewa a kwanta ƙasa. Ranar wata Sallah da aka harba bindigar gargajiya a ƙofar fadar hakimi, sai ga dattijo yana rarrafe zai shige bayan rumbu. Mutanen gari suka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi. Daga baya wani likita a Asibitin Malam Aminu Kano ya yi mana bayani cewa abin da ya gani a fagen fama ne yake dawo masa, kuma tsufa da mantuwa sukan buɗe abin da mutum ya danne shekaru. Ya ba da magani, ya ce kada a tashe shi da girgiza, a kira sunansa daga nesa, a bar fitila a kunne. Muna yin haka, muna tofa masa addu'a, aka samu sauƙi ƙwarai.

Amma abin da ya fi magani aiki wani abokinsa ne, tsohon kofur a ƙauyen gaba. Duk Juma'a nakan biya mai babur ya ɗauko shi. Su zauna a zaure da goro da rediyo, suna Turancin bariki, suna dariyar da ba mu taɓa jin Baba ya yi ba. Ka je ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Legion, ka tambayi waɗanda suka rage a yankinku. Ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, a wanke masa hularsa, a maƙala masa lambobinsa, ko da a kujera yake.

Na yau da kullum kuma: a riƙa juya shi duk bayan awa biyu saboda gyambon kwanciya, kafinta ya yi masa kujera mai rami don kada ya tsuguna a salga, a rage gishiri a miya, a sami ma'aikacin ƙaramin asibitin garinku yana zuwa awon jini. Kada ku yanke masa komai a bayan idonsa. Ko gero za a sayar, a shiga a gaya masa.

Ka adana takardar sallamarsa da lambarsa ta soja, domin hukumar fanshon soja tana tantancewa, wanda ba a tantance ba sai kuɗinsa su tsaya. Katin banki kuma ya zauna hannun mutum ɗaya, da littafin da ake rubuta abin da aka kashe. A gidanmu nan ne zumunci ya kusa ɓaci. A cikin fanshon ka ware wa mai wankinsa da kwashe bayan-gidansa kasonta duk wata. A wurinmu matar ƙanena ce, ta yi shekara biyu tana yi kafin wani a cikinmu ya tuna ya ce mata sannu.